Yadin da Ya Fanta Ta Saya wa Makantarta

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya suturta ɗan Adam bayan ya zo duniya tsirara, ya sanar da hannunsa zare da allura, ya kuma ɓoye masa adadin kwanakinsa don jin ƙai gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen labarin yayata ce, Fanta, wadda mutanen layinmu a Fagge suke kira Ya Fanta bisa al'adar mutanenmu na Barno. Ni ƙanenta Nu'uman nake rubutawa. Ta girme ni da shekara shida, kuma ba ta taɓa barin in manta da hakan ba.

Mahaifinmu ya zo Kano ta Nguru a jirgin ƙasa, yana fataucin fata da ƙirgi, ya zauna a Fagge don kusanci da tasha. A nan aka haife mu. Ni aka ba ni ga littattafai. Ita ta sami abin da za ta yi salla da shi, da izu kaɗan, aka aurar da ita ga Kyari, ma'aikacin tashar jirgi wanda aikinsa shi ne bin taragu da guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafunsu don ya ji mai tsaga. Sun haifi biyar, uku suka rayu. Autarsu Jawahir, malamar firamare, ita ce ta zauna da ita a gida ɗaya bayan rasuwar Kyari.

Sana'ar Ya Fanta ɗinkin bargon ƙyalle ce. Ta fara ne da ƙyallayen da teloli suke zubarwa, ta harhaɗa wa ɗanta na fari abin rufa saboda sanyi. Maƙwabciya ta gani ta yaba, da ta haihu sai Fanta ta kai mata irinsa ranar suna. Daga nan abin ya zama al'ada ba tare da kowa ya yanke shawara ba: duk jaririn da aka haifa a layinmu, ɗan Musulmi ko ɗan Kirista, ɗan mai gida ko ɗan haya, ranar sunansa akwai bargon Ya Fanta a cikin kayan barka. Manyan barguna takan ɗinka ta sayar ta ci abinci, amma na jarirai ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kansu ba. Haka ta yi sama da shekara arba'in.

Aikinta yana da tsari da ba ya canzawa. Tana da wani murfin gwangwani da Kyari ya yanke mata murabba'i, shi take ɗorawa a kan yadi ta yanka ƙyalle. Bargon jariri ƙyalle tara ne a faɗi, goma sha ɗaya a tsawo. A tsakiya ta shimfiɗa tsohon zane wankakke, a baya ta sa shafi na akoko, sa'an nan ta bi duka ukun da ɗinkin hannu. Na taɓa ce mata tara sau goma sha ɗaya casa'in da tara ke nan, adadin kyawawan sunayen Ubangiji. Ta ce ita dai ta ga shi ne daidai tsawon jariri har a yaye shi, amma tun da na faɗa, ta gode. Da zamani ya juya, teloli suka fara sayar da ƙyallensu ga masu cusa matashin kai, sai ta koma sayen yadi a kasuwa, biyu yau, uku wata mai zuwa, gwargwadon cikin da ta gani a layi.

A watan Rajab na shekarar 1438, tana da shekara saba'in da ɗaya, ta fara karo da gefen ƙofa. Jawahir ta kai ta asibitin ido a Sabon Gari. Muna zaton yana ce, wadda ake kankarewa mutum ya koma gani. Likita ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce take mutuwa daga gefe zuwa tsakiya, kuma an zo a makare. Maganin ɗigawa zai jinkirta abin, ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Ta tambaye shi kai tsaye saura nawa. Ya ce shekara ɗaya, ko ɗaya da rabi in Allah ya so.

Wata guda ba ta ce wa kowa kome ba. Sai wata ranar Asabar da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, ta shigo zaurena riƙe da ƙunshi, ta zauna a kan buzun baƙi ba tare da an ce ta zauna ba.

Ta ce, “Malam ƙarami, fatawa na zo nema. Ka ajiye ƙanen, ka ɗauko malamin.”

Na ce ina ji.

Ta ce, “Makanta ba ta ba ni tsoro yadda kuke zato. Abin da nake tsoro shi ne a zaunar da ni a ɗaki, a riƙa miƙo mini tuwo, hannuna ya mutu ina raye. Ina so in ci gaba da ɗinki. To amma launi sai da ido ake zaɓensa, yanka ma sai da ido. Don haka duk yadin da zan ɗinka har in koma ga Allah, a bana zan saye shi in yanka shi. Na ji ka sha faɗa wa ɗalibanka cewa dogon buri abin zargi ne. Yadin shekara nawa zan saya ban shiga cikin masu dogon buri ba?”

Na yi mata bayanin da na sani. Na ce malamai sun zargi mai tara kaya kamar wanda ba zai mutu ba, kuma da yawansu sun ga tanadin shekara guda shi ne iyakar abin da bai saɓa wa tawakkali ba. Na ce ta dubi shekarunta, ta sayi na shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu, abin da ya biyo baya Allah ne mai shi.

Ta ce, “Innarmu shekara nawa ta yi a duniya?”

“Tamanin da biyu.”

“To ni na shekara goma nake so.”

Na ce, “Ya Fanta, wa ya ba ki takardar shekara goma?”

Ta ce, “Wa ya ba ka takardar shekara ɗaya? Saurara, Nu'umanu. In na sayi na goma na mutu a ta biyu, me na rasa? Ba kai ka ce mini wanda ya ƙulla niyyar alheri mutuwa ta tare shi an rubuta masa ba? Yadin kuwa ba ruɓewa zai yi ba, wani ya ɗinka. Amma in na sayi na ɗaya Allah ya bar ni goma, shekara tara ina zaune a duhu hannu a cinya, kai za ka zo ka ɗinka mini? Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya sawa?”

Na sake duba maganar. Na auna kuskure ɗaya ne kawai, kuskuren wanda ya tara ya bari. Ita ta auna guda biyu, ta ga wanda ya fi nauyi. Kuma dogon burin da malamai suka zarga shi ne wanda yake sa bawa ya jinkirta aiki yana cewa gobe. Wannan baiwar Allah kuwa gaggauta aikin shekara goma take yi cikin shekara ɗaya, don ta san hasken da ya rage mata ƙididdigagge ne. Na ce mata na janye maganata, ta saya.

Sai ta kwance ƙunshin. Bargon jariri ne, amma ban taɓa ganin mummunan aiki irinsa daga hannunta ba. Kusurwoyi ba su haɗu ba, shuɗi ya kwanta kusa da shuɗi a wuri uku, wani ƙyallen an ɗinka shi a juye, ga ɗigon jini nan da can. Ashe watan nan da ta yi shiru, kullum bayan ta karya kumallo sai ta ɗaure idanunta da ɗankwali ta ɗinka har azahar. Jawahir ta ɗauka ciwon kai ne.

Ta ce abu biyu ta koya. Na farko, bargon da take gamawa a kwana tara da ido, wata guda yake ci ba ido. Wato goma sha ɗaya a shekara in an cire azumi, kuma haihuwar layinmu ba ta cika wuce haka ba. Kowane bargo fuskarsa yadi ɗaya da rabi. Na shekara goma ya kama ɗari da sittin da biyar, ta ƙara goma saboda ɓarnar makauniya. Shafi da zare ba ta sa su a lissafi ba, don fari ne, kowa zai iya sayo mata ko yaushe. Abin da yake bukatar ido kaɗai za ta tara.

Na biyu shi ne ya fi ba ni mamaki. Na ce ai sai ta zuba kowane launi a kwallarsa, ta san ta dama ja ce, ta hagu kore. Ta ce, “Kwalla tana faɗa mini abin da na ɗauko, ba ta faɗa mini abin da na riga na ɗinka. In na tashi na yi salla na dawo, ta yaya zan san inda na tsaya? Dole kowane launi ya zama yana da jikinsa daban, yadda yatsana zai karanta shi.”

Ta sayar da keken ɗinkinta, wanda ta ce ba zai yi wa makauniya amfani ba sai dai ya huda mata yatsa, ta haɗa da 'yan kunnen zinariyar da ta gada wurin mahaifiyarmu. Jawahir ba ta so ba. Ta ce, “Inna, kin yi wa mutane shekara arba'in, ki huta mana. Ni ba ga ni ba?” Uwar ta ce, “Ga ki nan, Allah ya yi miki albarka. Ɗauko mayafinki, ke za ki riƙe mini jaka.”

Ranar Litinin muka shiga Kantin Kwari mu uku. Rabona da kasuwar ya fi shekara goma. Lungunan sun ƙara matsewa, 'yan dako suna ratsawa da diloli a ka suna neman hanya, ita kuwa da ba ta ganin gefe tana gaba tana ja mana, ta san kowace kwana. Muka isa shagon Alhaji Sammani, wanda take sayen yadi wurinsa tun yana da tebur a bakin hanya. Shi Bafulatani ne, don haka tsakaninsa da ita akwai wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

Yana hango ta ya ce, “A'a, Babarbariya ta fito! A ɓoye yadi mai tsada, a ɗauko mata rabin yadin da aka saba.”

Ta ce, “Tashi ka ba uwar gijiyarka kujera, ɗan Fulani. Yau sai ka sayi saniya da cinikina.”

Da ta faɗa masa abin da ke tafe da ita da dalilinsa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya sallami mai sayen da ke gabansa da haƙuri, ya ja labulen shago rabi, ya fara sauko da bandir-bandir da kansa.

Ga yadda ta yi. Ta ɗaure idanunta da ɗankwali, ta ce a riƙa ɗora mata yadi a cinya kada a faɗi launinsa. Ta murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ta shafa fuska ta shafa baya, ta ja shi ta ji ko yana miƙewa. Wanda bayansa da fuskarsa suka yi kama ta ture shi. Wanda ya yi kama da wani da ta riga ta ware ta ture shi. Sammani ya kawo wata atamfa yana yabonta, ta taɓa ta ce, “Wannan da ta ɗazu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, roba ce. Kana so in haɗa wa ɗan mutane kore da kore?” Ya ce, “Wallahi launinsu daban.” Ta ce, “Ga mai ido.”

Sai da aka yi kusan awa biyu ta ware huɗu: farar shadda mai santsi da zane a saƙe, koriyar atamfa mai tauri, shuɗin rini mai kauri wanda ta ce shi ko hancinta ya san shi, da jan karammiski mai gashi. Sa'an nan ta kwance ɗankwalin, ta ce a fitar mata da su bakin shago inda rana take. Ta ɗauki kowanne ta kawo shi daidai tsakiyar idonta, inda gani ya rage, ta dube shi tsawon lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau bakwai, yatsunta suna murza shi. Na gane haddace shi take yi, tana ƙulla launin da jikin yadin a zuciyarta kamar yadda mai hadda yake ƙulla ƙarshen aya da farkon ta gaba. Kasuwa tana ta hayaniya, ni da Jawahir da Sammani muna tsaye muna jiranta.

Da aka zo awo Sammani ya ce, “Hajiya, shawara ta tsakani da Allah, ba ta ɗan kasuwa ba. Irin waɗannan in sun ƙare ba sa dawowa. Baɗi wani iri za a kawo. Ki ɗauki bandir-bandir kawai.”

Ta ce a'a, ta san abin da kowane launi yake ci. Shuɗi arba'in, don shi ne gefe. Fari talatin da biyar. Kore talatin. Ja goma sha biyar, don shi ado ne, tara kacal take sawa a bargo, ga shi da tsada. Sammani ya ce ta ƙara jan ko biyar ne. Ta ce, “Ka ji ɗan Fulani, ya ga mai tsada.” Ba ta ƙara ba.

Saura launi biyu, ta ce sai Sabon Gari, layin masu yadin makaranta. Muka hau adaidaita sahu da kayanmu. A can akwai Christy, mutuniyar Zariya, wadda ta zauna haya a layinmu shekara tara kafin mijinta ya gina gida, kuma 'ya'yanta uku duk sun kwana a bargon Ya Fanta. Da ta ji labari sai ta kama hannunta ta fashe da kuka.

Ya Fanta ta ce, “Ke Kiristi, ido na ce zai tafi, ba rai ba. Ajiye kukan, za a neme shi nan gaba. Kawo kaki.”

Christy tana share hawaye tana dariya ta ce, “Mama, ba ki canza ba.”

Ya Fanta ta zaɓi kaki ruwan ƙasa mai layi-layi a saƙarsa, yadi talatin, da rawayan yadin makaranta mai laushi, ashirin da biyar. Ya cika ɗari da saba'in da biyar. Christy ta gargaɗe ta da abu biyu: gara, da zubar shuɗin rini a kan fari. Ta ce a wanke shuɗin har ruwa ya fita fes kafin a yanka, a sa kafur a kowace kwalla, kada a ajiye su a ƙasa. Sa'an nan ta shiga cikin shago ta fito da wani ƙunshin allurai masu tsaga a kai, waɗanda ake danna zare ya shige ba sai an nemi kafa ba. Ya Fanta ta rufe ido ta gwada, zare ya shiga. Ta sake gwadawa. Ta ce, “Wannan ita ce matsalar da ban faɗa wa kowa ba, don ban san maganinta ba. Allah ya yi wa wanda ya ƙera wannan albarka, ko wane ne shi.”

Daga ranar ta shiga yanka. Kullum da hantsi tana tsakar gida da murfin gwangwani da almakashi, ƙyalle arba'in, hamsin, har ido ya fara ruwa ta tsaya. Ganin yana ta tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, tana matsar da yadin ta ƙarƙashin ɗan hasken. Ta gama yadi na ƙarshe a watan Shawwal na shekara mai bi. Kwalla shida manya, cike har baki, jere a kan benci. Bayan babbar salla da kwanaki kaɗan ta wayi gari ta tambayi Jawahir ko hadari ne ya haɗo. Jawahir ta ce rana ce tarwai. Ta ce, “To, alhamdu lillahi. Miƙo mini kwallar shuɗi.”

Bargunan shekarar farko suna da 'yan kurakurai. Daga ta biyu babu. Na sha zama kusa da ita ina kallo. Takan shafa layin da ta gama da tafin hannu sau ɗaya, ta ce, “Fari, kaki, fari, kore,” ta miƙa hannu kwallar da ta dace ba lalube. Wata rana jikokinta suna guje-guje suka kifar da kwalla biyu, rawaya da kore suka cakuɗe. Jawahir ta tashi za ta ware, ta ce ta bari, ta ware su da kanta kafin la'asar, ba ko ɗaya da ya ɓata. Har sababbin tsare-tsare ta ƙirƙiro da ba ta taɓa yi ba tana da ido. Takan ce mini, “Wannan rawayan kusa da shuɗi ya yi kyau ko?” In ce ya yi. Ta ce, “Na sani, ina ganinsa.”

Kuskure ɗaya ta yi a lissafinta, shi ne ja. Ba ta san cewa karammiski, saboda gashinsa, shi zai zama mata alamar hanya ba. Da shi take gane tsakiyar bargo da kusurwoyinsa, sai hannunta ya riƙa kai masa fiye da tara ɗin da ta tsara. A shekara ta huɗu kwallar ja ta ƙare. Sammani da ya ji ya zo har gida da wani jan karammiski kyauta, yana cewa, “Na faɗa miki, Babarbariya, taurin kai ya hana ki ji.” Ta shafa ta ce, “Irin wancan ne?” Ya ce kusan ɗaya ne. Ta juya wajen Jawahir. Jawahir ta ce gaskiya wannan ya ɗan fi duhu. Ta mayar masa ta ce, “Na gode, Alhaji, ka yi gaskiya a kasuwa, ni na yi kuskure. Amma ban ga wannan ba. Ba zan sa wa ɗan mutane abin da ban gani ba.” Ta mai da kaki alamarta. Shi ya sa yaran layinmu da aka haifa daga shekarar zuwa sama ba ja a bargonsu.

Sai wani abu ya taso wanda ba mu zata ba. Hannunta ya saba da duhu ya ƙara sauri. Bargon wata guda ya koma na sati uku, har ƙasa da haka. Abin da ya wuce haihuwar layinmu ta riƙa aikawa layin baya. Kwallaye suka fara sauka fiye da lissafi. Na sha ganinta tana zura hannu har gwiwa tana auna abin da ya rage. Jawahir ta ce, “Inna, ki rage sauri mana, ki bar layin baya, ya kai ki.” Ta ce, “In ji an haihu, ƙyalle yana kwalla, in ɓoye shi don kaina? To me na saya masa?” Ta juyo wajena ta ce, “Malam ƙarami, ka ga har na goman ma yana neman kasawa. Da na bi ta taka fa?” Na ce da na shiga uku. Ta yi dariya har da tari. Amma na san abin yana damunta, domin ta roƙe ni in riƙa sa ta a addu'a kada kwallayen su riga ta ƙarewa. Ban taɓa jin wanda ya nemi irin wannan addu'a ba, kuma na yi mata.

A watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1446, ranar Litinin, ta yi ɗinki har azahar kamar kullum, tana haɗa bargon cikin Kamila, matar wani makaniki da ke haya a ƙarshen layi. Da yamma zazzaɓi ya kama ta. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kanta a cinyar Jawahir, tana maimaita kalmar shahada. Shekararta saba'in da tara. Masu salla sun cika layi har bakin titi, Christy da matan Sabon Gari suna cikin gida tare da mata.

Ta ɗinka bargo ɗari da uku ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ya rage a kwallaye bai fi na bargo goma ba, wato bai kai aikin shekara guda ba. Tun daga safiyar da ta tambaya ko hadari ne har zuwa Litinin ɗin nan, in ban da azumi da ranakun Juma'a, ba ranar da hannunta ya zauna. Na Kamila ta bar shi a layi na bakwai. Jawahir ta ƙarasa huɗun da suka rage da idonta biyu da tabarau, aka kai ranar suna. Duk wanda ya duba yana gane inda hannun uwar ya tsaya, domin kusurwoyin makauniyar sun fi haɗuwa.

Ya Allah, baiwarka Fanta 'yar Barno ta zo gare ka, kai ne mafi alherin wanda ake sauka wurinsa. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka musanya mata idanunta da ta yi haƙurin rashinsu da kallon zatinka mai girma. Kamar yadda ta rufa 'ya'yan bayinka daga sanyi ba ta tambayi na wane ne ba, ka rufa ta da suturarka ranar da ba sutura sai taka. Ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da iyayenmu da mijinta a gidan aminci, mu kuma ka kyautata ƙarshenmu. Amin.